Na Sha Ruwa da Abincin Mamaciya

Kwana shida na jera ina buɗe baki da abincin mamaciya a cikin watan azumi, ina ci ina kushe rashin gishirinsa. A daidai wannan lokacin kuma ina rubuta babi na uku na kundin digirina na uku, inda na kafe da hujjoji cewa irin wannan abincin ya daɗe da ɓacewa daga doron ƙasa. Har yau in na tuna sai na ji fuskata ta ɗauki zafi.

A azumin farko na kullen annoba ne, ina Kuala Lumpur, a wani dogon bene a unguwar Bukit Jalil, hawa na ashirin da ɗaya. Malamar tarihi ce ni a wata kwaleji a Kano, gwamnati ta turo ni ƙaro karatu, na baro maigida da yara uku. Bincikena a kan mulkin mallakar Sifaniyawa ne a tsibiran Filifin, da abin da ya yi wa addinin mutanen da zamantakewarsu. Na san labarin kamar a gabana aka yi. Sun kwaso mutane daga bakin koguna da kan tsaunuka, sun zaunar da su a garuruwa inda kowa zai ji ƙararrawar coci. Sun yi musu baftisma, sun ƙone gumakan da suke tunawa da kakanni da su, daga baya ma suka fito da littafin sunayen iyali aka rarraba gari-gari, kowane gida ya ɗauki sunan da bai san ma'anarsa ba. Fiye da shekara ɗari uku ana wannan. A ƙarshen babin na rubuta cewa an share tsohon addinin tas kamar an wanke allo. Jimlar nan ta burge ni ƙwarai, har karanta wa kaina ita nake yi da ƙarfi.

Farfesan da ke duba aikina, wani dattijo Bamalaye mai sanyin magana, bai ga abin burgewa ba. Muna ganawa ta bidiyo ya cire tabarau ya ce, “Duk wannan daga littafi ne. Kin tambayi mutanen? Ki yi magana da mai rai ko da guda ɗaya ne.”

Na ce, “Farfesa, an rufe filin jirgi. Ina zan samo ɗan Filifin a cikin wannan kulle?”

Lokacin da nake wannan maganar, bango ɗaya ne tsakanina da 'yar Filifin.

Wata takwas muna maƙwabtaka. Ƙofofinmu a lungu ɗaya suke, tawa na kallon gabas, tata na kallon kudu. Mace ce gajeriya, za ta kai shekara arba'in, in mun haɗu a lif sai mu ɗaga wa juna kai. Tun ganin farko na yanke cewa 'yar Indunusiya ce, kuma da yake ni mai bincike ce, ban ga dalilin tambaya ba. Aikinta amsa wayar abokan cinikin wani kamfani, da aka yi kulle sai ta koma yi daga gida. Tun safe har yamma ina jiyo ta cikin bango tana ba wa mutane haƙuri da Turanci, ina tsaki saboda ta hana ni tunani mai zurfi.

A sati na biyu na azumi muryar ta ɗauke. Na ce alhamdulillahi, na samu shiru. Abin da ban sani ba shi ne, a ranar mahaifiyarta ta rasu a ƙauyensu da ke arewacin Luzon, babban tsibirin Filifin. Cutar ce ta ɗauke ta a asibiti, aka ƙone gawar a ranar saboda dokar lokacin, aka miƙo wa 'yan'uwanta toka a cikin tulu. Babu jirgi, babu hanyar zuwa gida. Abin da ya rage mata kawai shi ne ta yi wa uwarta kwana taran addu'a da suke yi wa mamaci, ta sallame ta yadda mutanensu ke sallama, ita kaɗai a cikin ɗaki.

Akwai wata 'yar kujerar roba da na ajiye tsakanin ƙofofinmu, inda masu kawo saƙo a babur ke dire kaya su tafi ba tare da an haɗu ba. Ran nan wajen ƙarfe shida da rabi na leƙa ko an kawo mini ƙanƙarar da na yi oda, sai na ga faranti. Na tangaran ne mai zanen fure shuɗi. A kai akwai dunƙulen shinkafa mai danƙo da aka dafa da madarar kwakwa, an dasa ɓararren ƙwai guda a tsakiya. A gefe ƙaramin kofi na baƙin gahawa, sai kuma karan sigari ɗaya.

Wanda ya tashi a unguwarmu ba zai tsaya dogon tunani ba. Da azumi, daga la'asar kwanuka ke fara yawo gida-gida, kunun wannan ya shiga gidan wancan, ƙosan wancan ya tsallaka gidan gaba. Ba a tambayar dalili. Ga mace ta ga maƙwabciyarta da hijabi, ta san azumi ake, ta san ba ni da kowa, ta ajiye mini abin shan ruwa a kujerata ba tare da ta karya dokar nesa-nesa ba. Sai da idona ya ciko da ƙwalla. Sigarin kuwa, na ce ƙila faɗowa ya yi daga aljihunta.

Aka kira magariba na ci. Shinkafar lami, ko ƙwayar gishiri babu, gahawar kuma ɗaci kamar magani. Na ce baiwar Allah, zuciya mai kyau, hannu ne dai sai a hankali. Na wanke farantin, kuma da yake mahaifiyata ba ta koya mini mayar da kwano wayam ba, na zuba dabino bakwai, na ɗora sigarin a gefe, na mayar kan kujera.

Washegari faranti ya dawo. Sigari ma ya sake faɗowa daga aljihu, a daidai wurin da ya faɗo jiya.

Na yi shekara biyu ina karanta abin da limaman Sifaniya suka rubuta game da mutanen tsibiran nan. Na karanta inda suke ƙorafin cewa mutanen na ajiye wa matattunsu shinkafa da ƙwai da taba. Na ja layi da jan biro a ƙarƙashin wajen. Amma da aka ɗora mini shinkafa da ƙwai da taba a gabana, a faranti ɗaya, sai na ɗauko cokali.

Rana ta biyu na mayar da farantin da ƙosai, daga ragowar waken da na sayo a kasuwar Chow Kit kafin a rufe gari. Ta uku na aika kunun gyaɗa. Na fara alfahari da kaina. Na buga wa maigida waya na ce na samu maƙwabciya ta gari, kuma ina ganin zuciyarta na karkata ga Musulunci.

Ya ce, “To Dakta, kin yi mata magana?” Tun ban gama karatun ba yake kirana Dakta, don tsokana.

Na ce, “Malam, ai ba sai an yi magana ba. Wannan da'awa ce a aikace, practical. Ba za ka gane ba.”

Ya ce lallai kam ba zai gane ba.

Rana ta bakwai na ga ya kamata in taimaka mata a kan batun gishiri. Bayan la'asar na ƙulla gishiri a leda, na haɗa da ɗan yajin da na zo da shi daga gida, na sa takunkumi, na ƙwanƙwasa ƙofarta, na ja da baya taku biyu.

Ta buɗe. Idanunta sun kumbura, gashinta a cukurkuɗe, da gani ya kwana biyu bai ga ruwa ba. A bayanta, a kan teburin da take aiki, an ture kwamfuta gefe. Ga hoton wata tsohuwa mai hular kaba, ga kyandir, ga gicciye, ga carbinsu a naɗe. Farantin nan mai shuɗin fure yana gaban hoton, an riga an jera shinkafar da ƙwan, ana jiran ƙarfe shida.

Da Turanci muka yi magana. Na fara godiya, na miƙa gishirin, har na soma bayanin cewa ana zuba shi tun ruwa bai tafasa ba. Ta dubi ledar, ta dube ni.

Ta ce, “Sista, ba a sa masa gishiri. Na Nanang ne.” Ta nuna hoton. Nanang shi ne yadda suke kiran uwa. “Yau kwananta bakwai da rasuwa.”

Ta yi mini bayani a hankali, kamar ita ce ta yi laifi. A gidansu kan matakalar ƙofa ake ajiye farantin da yamma. A nan kuwa tsohuwar ba ta taɓa zuwa ba, ba ta taɓa shiga lif ba, ƙofofin benen duk iri ɗaya ne. Shi ya sa take fito da shi waje, don in ta zo ta gane ƙofar 'yarta. Sigarin nata ne, tana sha ɗaya kullum bayan cin abinci.

Na sauke hannun da ke riƙe da ledar. Na ce, “Me ya hana ki faɗa mini?”

Ta ce ranar farko da ta ga farantin a wanke da dabino a kai, zama ta yi a ƙasa ta yi kuka, don na minti ɗaya ta ɗauka tsohuwar ce ta zo ta ci. Washegari ta leƙa ta hudar ƙofa, ta gan ni na ɗauki farantin ina sunsunawa ina gyaɗa kai. “Kina ta murna, na ji kunyar hana ki. Kuma a gida ma kaji ne ke cinyewa, mu ce ta ci.”

Watau dai ni ce kazar.

A nan ya kamata in ce mata Allah ya ba ta haƙuri, in koma ɗakina in rufe ƙofa. Kowace mace a unguwarmu, ko ba ta taɓa shiga aji ba, abin da za ta yi ke nan. Ni kuwa da na sha boko, kunya ta rikita ni, sai bakina ya nemi mafaka a wurin da ya fi sabawa. Na tambaye ta daga wane yanki take. Na tambayi sunan al'adar. Na ce ta ɗan jira ni in ɗauko littafin rubutu, kuma wallahi na je na ɗauko. Na tsaya a gaban matar da aka ƙone gawar uwarta kwana bakwai da suka wuce, ina gaya mata cewa gicciyen da ke kan teburinta da bakin takobi aka kawo wa kakanninta, sunan iyalinta ma daga littafin wani gwamna aka tsinto shi, farantin ne kaɗai nata na asali. Na ce abin mamaki ne yadda take haɗa biyun.

Ta bar ni na gama. Ta ce, “Na sani. Tun a firamare aka koya mana. Kakata har ta mutu tana zagin limaman da suka ƙwace gonar kakanta, kuma da carbi a hannu ta mutu. Fada, limamin cocinmu, ya ce farantin na shaiɗanu ne. Nanang sai ta je coci da safe, ta dawo ta ajiye wa babana faranti da yamma. Yanzu ba wanda ya wanke ta, ba wanda ya ga fuskarta. Wanne kike so in ajiye?”

Ta rufe ƙofar a hankali, ko bugawa ba ta yi ba. Na tsaya da biro a hannu ɗaya, ledar gishiri a ɗaya.

Ina shiga ɗaki na kira maigida. Abin kunya, ba halin da matar take ciki na fara kawo masa ba. Azumina na fara tambaya. Kwana shida ina shan ruwa da abin da aka ajiye wa matacciya, yaya matsayina?

Ya yi dariya har sai da ya ƙware. Da ya nutsu ya ce, “Shinkafa ce da ƙwai, ba yanka ba, kuma ba ki sani ba. Ki yi istigfari, kar ki sake. Amma Dakta, tsaya. Kin ce yau kwana bakwai? Kin yi mata gaisuwa?”

Na ce ban yi ba, tambayoyin bincike dai na yi mata.

Ya ce, “Maƙwabciyarki, bango ɗaya, an yi mata mutuwa, sai ki je mata da interview? Da a nan gida ne, da wane ido za ki fita unguwa?”

Ranar faranti ya fito ƙarfe shida, na bar shi a wurinsa. Washegari ma haka. Da safe nakan ji ta buɗe ƙofa ta ɗauke shi yadda ta ajiye, ƙwan ya bushe, tururuwa sun yi layi. Na buɗe babi na uku na goge jimlar allon nan, amma ban ji wani sauƙi ba. Abin da ke cina shi ne na tuna rasuwar tawa mahaifiyar. Kwana uku ba mu ɗora tukunya ba, maƙwabta ne ke shigo da abinci, mata cike da tsakar gida, wata na fita wata na shiga. Ni da yayata muka yi mata wanka da hannunmu. Ita maƙwabciyar tawa kuwa duk ƙawayenta masu aikin gida ne, an kulle su a gidajen iyayen gidansu, dokar gari kuma ta hana ziyara.

Rana ta tara na dafa shinkafa da miyar kaza, na zuba a kular da ta fi kowacce kyau. Wajen ƙarfe biyar na shimfiɗa tabarmata a bakin ƙofata, na ɗora kular a ƙasa kusa da tata ƙofar, na ƙwanƙwasa, na koma na zauna. Littafin rubutu na bar shi a ɗaki.

Da ta buɗe na ce mata na zo zaman makoki ne, haka muke yi a garinmu. Na ce ba zan yi addu'arsu ba, ba zan kuma ci na faranti ba, amma zan zauna. Na ce ta yafe mini maganar shekaranjiya, Allah ya ba ta haƙuri. Ta dube ni, ta dubi kular. Sannan ta buɗe ƙofar gaba ɗaya, ta sa takalmi ta tokare ta.

Ƙarfe shida ta fito da farantin, ta kunna kyandir, ta jingina wayarta da gicciyen. 'Yan'uwanta suka bayyana a ciki, sun cika wani ɗaki, tulun tokar na kan tebur a tsakiyarsu. Kafin su fara ta ɗauki wayar ta juyo da ita wajena, ta yi musu magana da yarensu. Daga baya ta ce mini cewa ta yi, ga shi nan, ita ma tana da baƙuwa. Wani dattijo a cikinsu ya dafa ƙirji ya sunkuyar da kai, ni ma na dafa nawa. Suka shiga addu'a, wata tsohuwa na ja suna amsawa. Jefi-jefi sai in tsinci kalmar Sifaniyanci da na saba gani a tsofaffin takardu, tana fitowa daga bakin mutanen da ke kuka. Na zauna ina jan nawa carbin.

Da suka gama saura kusan rabin awa a sha ruwa. Ta zo bakin ƙofa ta durƙusa, tana murza yatsunta. Ta ce akwai abu ɗaya da ya rage, in na ƙi ba za ta ji haushi ba. A garinsu bayan an binne mamaci, 'yan gida duka sukan je kogi, wata babbar mace ta wanke wa kowa kai da ruwan tokar karan shinkafa. Daga nan ne ake komawa harkar duniya. 'Yan'uwanta sun yi nasu a bakin famfon tsakar gida tun washegarin rasuwar. Mutum ba ya yi wa kansa, sai wata ta zuba masa. Ita tun ranar ba ta sa wa kanta ruwa ba. Karan shinkafa babu shi a hawa na ashirin da ɗaya, don haka ta tsinko 'yan tsirarun kara daga tsintsiyarta ta ƙona a cikin tukunya.

Gaskiya ba zan ɓoye ba. Na ji tsoron cutar, na ji tsoron abin da zan sa hannuna a ciki. Na ce mata ni ba zan furta komai na addininsu ba.

Ta ce, “Babu abin da ake cewa. Zubawa kawai za ki yi.”

Ta kawo bokiti da roba da moɗa, ta ajiye a bakin ƙofar, ta durƙusa ta sunkuyar da kai. Na gyara takunkumina, na naɗe hannun riga, na yi bisimilla kamar yadda nake yi kafin kowane aiki. Ruwan ɗumi ne, launin toka. Na zuba moɗa ɗaya. Gashin ya daskare, ruwan gangarewa kawai yake yi ta sama, dole na sa yatsu ina warware shi daga ƙeya zuwa gaba, yadda nake yi wa 'yata ranar wankin kai. Kafaɗunta suka fara rawa. Na ci gaba da cuɗawa ina zubawa.

Can, kanta na cikin robar, ta ce a hankali, “Nanang.”

Na ce, “Na'am.”

Ban san ya fito ba, kuma ban gyara ba. Na ci gaba da zuba mata ruwan har bokitin ya ƙare.